Ranar da Surukata Ta Kalli Teku

Ni mutumin Katsina ne, kuma a gidanmu ba a cin abinci a gaban suruka. Aiki ya kawo ni Jidda, na auri 'yar Hausawan Sudan, haifaffiyar unguwar Kurayyat a nan Jidda, wadda ke ganin wannan al'ada wahalar da kai ce kawai. Mahaifiyarta kuwa, Hajiya, ta fi ni riƙo. Duk shekarun nan ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "wannan mutumin". A gida abin bai dami kowa ba, don akwai bango. Ta ci a ɗakinta, in ci a falo.

Wani hutu yara suka tasa ni gaba, sai mun je mun kwana a bakin teku kamar yadda 'yan ajinsu ke yi. Muka kama hanyar kudu, muka wuce rumbunan kaya na Khumra, teku na hannun dama, har muka sauka wani wuri da babu komai. Babu bishiya, babu rumfa, babu ko dutsen da akuya za ta fake. Yashi ne da ruwa, sai ƙaguwa masu gudu a karkace.

Hajiya ta biyo mu ne don jikoki, domin ita da teku ba sa ga maciji. Tun da jirgin ruwa ya kawo ta daga Sudan tana budurwa, ta yi ta amai har Jidda, ko kallon ruwan ta yi sai jiri ya ɗebe ta. Don haka ta kafa kujerarta a inuwar mota, ta juya wa teku baya. Wato ta fuskanci daidai inda na ajiye murhun gawayi.

Ban damu ba, don duk dogarona yana kan tanti. A hannun wani abokin aiki na saye shi, ya rantse sabo ne fil. Na zazzage jakar, yadi ya faɗo, igiyoyi suka faɗo, shi ke nan.

Matata ta ce, "Fen sandunan?" Wato ina sandunan.

Na ce, "Ya ce suna ciki."

Ta ce, "To shiga ka nemo su."

Muka shimfiɗa tantin a ƙasa ya zama tabarma.

Naman agashe muka zo da shi, tsiren mutanen Sudan, kuma Hajiya da kanta ta daka yajin da ƙulin. Ni ne mai gashi. Tun shayin safe ban sa komai a cikina ba, ga maiƙo yana ɗiga a kan garwashi, ga hayaƙi yana shiga hancina. Yara suka ci har suka fara jefa wa ƙaguwa. Matata ta miƙo mini faranti ta ce, "Yalla, ka ci."

Na ce na ƙoshi.

"Da me ka ƙoshi? Da hayaƙi?"

Ta kai wa uwarta, ita ma ta ce ba ta jin yunwa. Matata ta tsaya tsakaninmu da faranti biyu, ta dube ni, ta dubi uwarta, ta zuba mana Larabcin da na gode Allah ban gane rabinsa ba.

Na gwada dabara. Na soke tsinke ɗaya a aljihun jallabiya na ce zan miƙe ƙafa. Amma a wannan fili ina za ka je? Na yi tafiya har gwiwata ta fara ƙara, na waiwaya, ga farin mayafin Hajiya can yana kallona. Na dawo na zagaya bayan mota na tsuguna, na kai naman baki ke nan sai na ji ta yi gyaran murya ta ɗaya gefen. Tsinken ya suɓuce ya faɗi a yashi. Wallahi na ji haushin da ban taɓa ji ba, na tanti, na abokin aikina, har na Katsina baki ɗaya.

Da muka idar da la'asar, Hajiya ta miƙe ta ce wa 'yarta, "Ɗauko mini kujerar nan da farantina. Ki gaya wa wannan mutumin zan je in kalli teku, kuma ba zan juyo ba sai rana ta faɗi."

Aka kai mata kujerar har inda ruwa ke taɓa yashi. Ta zauna ta ba ni baya, ni ma na ba ta baya na fuskanci hamada. Na ci agashen nan da ya huce, da yashinsa da komai, ban bar ko albasa ba. Ita ma na hango hannunta yana hawa yana sauka, lokacin da na saci kallo sau ɗaya.

Bayan magariba su suka kwanta a mota, ni na kwanta a kan tantina. Da safe muna naɗe kaya na ce wa matata a hankali, "Kin ga ashe Hajiya ta daina tsoron teku."

Ta dube ni kamar yadda take duban yara in sun kawo jarrabawa ba maki. Ta ce, "Ya miskin. Ni na kai mata ruwa. Tun da ta zauna idonta a rufe yake, ta riƙe kujera da hannu ɗaya. Sau biyu tana tambayata ko ka gama."