Tauraron da Kakata Take Nema

Har yau in na ji ƙamshin toka mai ɗumi, sai in koma ƙuruciya. Kakata nake tunawa, a gidanmu na Dandamisa, farkon samun mulkin kai.

Da rani, kullum bayan magariba takan binne garwashi a toka don kada wutar murhu ta mutu, sannan in riƙo hannunta mu fita tsakar gida, don idonta ya yi rauni. Sai ta ɗaga kai wajen tarin taurarin nan da muke kira kaza da 'ya'yanta, waɗanda manoma ke dubawa su san damina ta kusa.

"Maigida, duba min. Sun cika?"

"Sun cika, Kaka."

"Ba su cika ba. Akwai babba a cikinsu, ban ganinsa."

Na ɗauka rigimar tsufa ce, har nakan tsokane ta. Sai da na girma na gane. Ɗanta na fari, yayan babana, ƙato ne da babu mai kamo shi a noman gayya. Ya tafi cin rani kudu bai dawo ba, ba saƙo, ba gawa. Ka kuwa san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. In 'yan cin rani suka dawo kowa ya je jin labari, ita sai ta zauna tana tona toka. Taurari kaɗai take iya tambaya. Har ta rasu ba ta san ko yana raye ba.

Bara jikata da ke karatun kimiyya a Zariya ta ce min taurarin kazar nan lokaci ɗaya suka samu, kuma manyan ne ke fara ƙarewa. In tauraro ya cinye wutarsa sai ya ƙanƙance, ya yi fari fat, kamar garwashi a toka. Ta ce akwai irinsa a cikin kazar, sai da na'ura ake ganinsa.

Na ce, "Yana sake kamawa?"

"A'a, Kaka, hucewa kawai yake yi a hankali. Amma yana nan cikinsu."

Yanzu ashana ta cika gari, ba mai binne wuta, ni ma idona ya yi rauni. Duk da haka ranar na fita tsakar gida ni kaɗai, na ɗaga kai, na ce, "Gaskiyarki, Kaka. Akwai shi, ganinsa ne ba ma yi."