Sarewar da ke Ɓuya a Tafin Hannu

Gidanmu na Ƙofar Galadima ɗaki bakwai gare shi, amma a shekarun da nake magana, 'yan shekaru kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, ɗaki ɗaya kaɗai ake hura wa wuta. Ni ne da kakata, Iya, uwar mahaifina. Babana ya rasu ina shekara bakwai. Innata ta gama takaba aka mayar da ita gidansu a Gyallesu, daga can ta yi wani aure aka tafi da ita Gusau. Ni kuwa ɗan gidan nan ne, aka ce ba inda za ni. Sauran ɗakunan muka bar wa jemagu da ƙadangaru.

Da an idar da lisha Iya takan tura itace biyu a murhun ɗakinta, ta jawo taskirar auduga, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari. Daga nan sai ta dube ni a kaikaice ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane ka shigo mini?" Wasan jika da kaka ke nan. Ni ne mijin, kuma a bakinta ba a taɓa yin malalacin miji irina ba. In ta gama tsiyarta sai ta buɗe tatsuniya da irin nata salon: "Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi." Ni in amsa, ni kaɗai, muryata tana dawo mini daga soro.

Babana soja ne, da shi aka yi yaƙin Bama. Ya dawo da ƙafafunsa da hannuwansa, amma maganarsa kamar a can ya baro ta. Abin da ya kawo shi ne wani ɗan abin busa na ƙarfe mai ramuka a jere, wanda mutanen unguwa suka sa wa suna sarewar kanti. An ce wani baƙar fata ɗan Amurka, direban motar soja, shi ya koya masa. Da la'asar yakan zauna a zaure ya haɗe hannuwansa a baki, wani sauti ya riƙa fita yana lanƙwasa a hankali, irin na mai son ya yi kuka a gaban mutane yana dannewa. Waƙa ɗaya ce kullum. Bayan rasuwarsa sarewar ta ɓata cikin rabon kaya. Gidan malamai ne namu, ba wanda ya ga dalilin nemanta.

Waƙar nan ita kaɗai na gada. Fuskar Baba ta fara shige mini, hoto kuwa babu. Kullum in na kwanta sai in rera ta a zuci daga farko har ƙarshe, kamar yadda nake tilawar allona. Wata rana ina shekara goma sha ɗaya na ɗauko ta, na zo tsakiya, sai na tarar da wurin wayam. Na koma farko, na sake zuwa, babu. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in tsakiya ta tafi, kai da wutsiya ma za su bi ta.

Na ce, "Iya, yaya waƙar Baba take daga tsakiya?"

Mazari bai tsaya ba. Ta ce, "Wa ke nan? Ni ban san wani mai waƙa ba."

Babana ɗan farinta ne. Matan zamaninsu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun san da zamansa. Iya kuwa ta kai kunyar nan maƙura. Yana raye "wancan" take ce masa, da ya mutu ma sai ta daina cewa komai. Ran da aka fita da gawarsa tana bakin turmi tana surfe, mata suna yaba mata. Ni a lokacin na ɗauka ba ta son shi ne, kuma na riƙe mata wannan a zuciya.

Ana nan sai na raka wani maƙwabcinmu Sabon Gari, karo na farko da na yi nisa da ganuwa haka. A shagon wani Bayarabe mai sayar da garmaho na hangi sarewar kanti iri biyu a cikin gilashi. Ɗaya doguwa, mai ramuka hawa biyu, tana walƙiya a jan akwati. Ɗayar 'yar guntuwa a kwalin takarda, ramukanta goma. Kuɗin babbar ya isa a sayi tunkiya, ƙaramar kuwa ba ta fi kuɗin kaza biyu ba. Ban ko ƙara kallon ƙaramar ba. A hankalina na yaro, mutumin da ya ƙetare teku ba zai busa abin arha ba.

Daren nan na kasa riƙe bakina. Na ce da Iya zan riƙa ɗebo wa marina ruwa har in tara kuɗin babbar, ko da shekara biyu zan yi. Ta yi dariya ta ce, "Mijin da bai taɓa sayo mini daddawa ba." Sai ta gyara itace, ta buɗe wata tatsuniya da ban taɓa ji ba.

Wai wani mutum ne ya yi tafiya har bayan babban ruwa. Da zai dawo, mai fito ya ce ba ya karɓar kuɗi, sai dai mutum ya bar abu ɗaya daga jikinsa. Wasu suka bar hannu, wasu ido, shi ya bar maganarsa. Ya iso gida yana ci yana sha, amma in an tambaye shi me ya gani, sai ya kalli ƙasa. Akwai wata tsohuwa a gidan. Iya ba ta ce uwarsa ce ba, ta ce wata tsohuwa. Tsohuwar nan ta ɗaura zane ta hau dutsen Kufena wajen wani maƙeri mai ƙera murya. Ya fito mata da sarewa biyu. Ɗaya ta azurfa, tsawon kamu guda, in an busa ta duk gari sai ya tashi da rawa. Ɗayar ta baƙin ƙarfe, in ka rufe hannu sai ta ɓace. Tsohuwa ta ce, "Mutumin nan ba rawa ya rasa ba. Ba ni wadda zai ɓoye fuskarsa a bayanta." Ta kawo masa, ya haɗe hannuwa, ya busa. Mutanen gari suka ce ga mahaukaci. Tsohuwa tana bayan katanga tana tankaɗe, ita kaɗai ta ji duk abin da ya gani a bayan ruwa.

"Sai me?" na ce.

"Sai wuta ta gaji, tatsuniya ta kwanta. Kai ma kwanta."

Na ce wannan ai ba tatsuniya ba ce, ba kura ba dodo, ba a ko cinye kowa ba. Ta ce in ban so in dawo mata da abarta. Da safe ta ɗauko curin zare manya guda uku, kaɗin da ta yi tun kaka, ta dire mini. Ta ce, "Kai wa masaƙa. Ka sayo mini goro na kwabo. Abin da ya rage, ni ban tambaye ka ba."

Ko da na isa shagon, idona na kan babbar. Bayaraben ya ga na daɗe ina leƙe, ya ce, "Yaro, saya za ka yi ko gadi?" Mutumin kirki ne. Ya ciro babbar ya busa mini, ta yi wata ƙara mai rawa-rawa, mai daɗi, irin ta ranar biki. Amma ba irin ta Baba ba ce. Sai ya miƙo mini ƙaramar, na rufe hannuwana a kanta, ta ɓace. Nan take na ga Baba a zaure, hannuwa a haɗe, ba ka hango ko ƙyallin ƙarfe. Bayaraben ya ce, "Wannan ta talaka ce. Amma masu waƙar kukan nan na Amurka, ita suke riƙewa. Babbar ba ta iya kuka." Ya nuna mini faifan garmaho ya ce sunan kiɗan nasu buluz. Na biya, na kusa mantawa da goron Iya.

Kwana tara ina hawa ganuwa bayan la'asar ina busa. A Zariya duk wanda ya tashi ya san yadda ake busa: ka ga masu algaita, ka cika kumatu su yi tantsan, ka tura iska da ƙarfinka. Haka na yi. Na busa rami na farko har na goma, na dawo, har kaina ya riƙa juyawa. Sauti yana fita garau, a miƙe, ba lanƙwasa ko kaɗan. Awaki suka saba da ni. Kuma abin da ya fi muni, hayaniyar da nake yi ta fara danne ɗan abin da ya rage mini na waƙar. A rana ta tara na nemi farkonta ma na ji yana rawa.

Na shigo gida na jefa sarewar cikin taskirar auduga. Na ce, "Kin sa na sayi ta banza. Da kin bar ni na tara na sayi babbar. Ke dama ba ki damu da shi ba." Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Na jira mari, bai zo ba.

Bayan lisha ta hura wuta kamar kullum, ba ta ce mini Maigida ba. Ta ce, "Akwai wurin da na tsallake a tatsuniyar nan." Ta murza mazari, tana kallon zaren. "Tsohuwar nan takan leƙa ta kafar katanga, in ba kowa. Kullum takan leƙa. Ta ga mutumin nan kumatunsa ba sa kumbura irin na masu algaita. Lotsawa suke yi, kamar mai kurɓar kunu da zafi. Ba turawa yake ba. Ja yake yi ciki."

A gidanmu ko fito yaro ya yi bayan magariba sai an buge masa baki, wai yana kiran aljanu. Amma Iya ta sa hannu cikin auduga ta ciro sarewar, ta goge ta da bakin zanenta, ta miƙo mini.

Na haɗe hannuwa, na zuƙa. Sautin da ya fito daban ne, mai kauri, daga ƙasa. Na matsa rami na gaba, na ƙara ja, harshena ya koma baya da kansa, sai sautin ya sunkuya ya lanƙwasa ya yi ƙasa. Na ɗauko waƙar daga farko, ina tuntuɓe, ina ja ina saki, na zo tsakiya, na same ta tana nan inda na bar ta.

Zare ya tsinke, mazari ya gangara har bakin murhu. Iya ba ta bi shi ba. Tana kallon ƙofar ɗaki, hannunta a sama yadda yake, ta ce a hankali, "Yunusa."

Ban taɓa jin sunan babana a bakinta ba sai ran nan, ban kuma ƙara ji ba har ta koma ga Allah bayan shekara huɗu. Da gari ya waye ta dawo da tsiyarta, ta ce goron da na sayo mata duk ƙwari ne.

Na yi aiki a Kaduna, na yi a Ikko, na ji faya-fayan buluz ba iyaka, na sayi sarewa masu tsada na rabar. In yaro ya tambaye ni wacce zai saya, nakan ce ya nemi ƙarama mai rami goma, wadda aljihunsa zai ɗauka, ya tabbata dai ba ta yoyon iska, sannan ya koyi ja kafin ya koyi turawa. Wannan shi ne na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar. Sai da na binne nawa ɗan farin na gane sauran. Shekara huɗu na yi ina kwana ɗaki ɗaya da matar nan ina tsammanin ni kaɗai ne maraya a gidan. Ita kuwa ba ta da zauren da za ta zauna, ba ta da sarewa, sai wata tsohuwa da ta ƙirƙiro ta aika Kufena ta faɗi abin da bakinta ba zai iya ba.

Gidan ya rushe tuni, an yi shaguna a wurin. Sarewar nan ta farko tana nan cikin aljihun rigata, ta yi tsatsa, rami biyu sun mutu. Wani lokaci bayan lisha nakan rufe ta a hannu in ja, in kai tsakiya, sai in ɗan dakata, ko wani zai kira sunan.