Raiɗoren Bayan Danga

Kakarmu Dije marowaciyar tatsuniya ce. Sai mu yini muna ɗebo mata ruwa muna sosa mata baya, da magariba ta yi ta ce ita bakinta ciwo yake. Guda ɗaya ce ba a roƙonta, tatsuniyar raiɗore. Duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da wani yaro a gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Kona, a ranar za mu sha ta.

Raiɗore dai ba baƙo ba ne, wasu su ce sanga-sanga. Da ruwa ya sauka zai cika juji da bakin hanya, ga fure rawaya, ga wari in ka murza ganyen, ko akuya ba ta kula shi. Baba ya sha ɗaukar hauya zai share na bayan dangarmu, Kaka tana hana shi.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne ciwon ƙanwata Rabi, tana da shekara biyar. Ƙarshen damina ne. Tun hantsi jikinta ya ɗau zafi, kafin la'asar ko ruwa ba ta karɓa. Baba ya tafi ƙauyen gaba aron amalanke don a kai ta likita a Kona. Kaka ta tsinko ganyen ta dafa, ta yi wa Rabi surace, ta ɗora ta a cinya a bakin murhu, ta kira mu.

"Ku matso, 'yan nema, ga wata nan ta taho."

"Ta iso lafiya," muka ce.

Wai a farkon duniya aka kira tsirrai taro za a raba musu mazauni. Raiɗore ya yi sammako, sai ya tarar da wata yarinya kwance a bakin hanya, zazzaɓi ya kayar da ita. Ya tsaya ya yi mata inuwa. Gero ya zo, ya ce sauri yake kada a ba wani jigawa. Gawo ya wuce, kuka ma ta wuce. Duk wanda ya wuce, sai raiɗore ya sunkuya ya ce, "Yarinya, kina nan?" Dokar Kaka kuwa ita ce marar lafiya kaɗai ke amsawa, ya ce, "Ina nan."

Da can uku ne ke wucewa. A ranar kuwa dawa ta wuce, wake ya wuce, gyaɗa, yakuwa, aduwa, magarya, har da ƙarangiya. Bayan kowanne sai tambayar, sai muryar Rabi can ƙasa. Ni da gajen haƙuri na ce, "Kaka, ai da uku ne!"

"Ke kika shibka su? Yi mani shiru."

Da aka zo kan kalgo, Rabi ba ta amsa ba. Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Kaka ba ta ko ɗaga murya ba, ta dai kai bakinta kunnen yarinyar.

"Rabi, raiɗore na magana. Ba a barin babba da magana a baki. Kina nan?"

Shiru ya yi tsawo har na ji tsoro ya kama ni ban san dalili ba. Can sai muka ji, kamar kukan ɗan tsako, "Ina nan."

Sabara na cikin wucewa muka jiyo amalanke a ƙofar gida. Nan take Kaka ta naɗe tatsuniyar: raiɗore ya isa taro an rabe ko'ina, saura juji da bayan danga. Ya ce ya gode, nan ɗin ya fi kusa da mutane. "Ta tahi, ku tashi ku ba uwarku hanya."

Kwana huɗu Rabi ta yi a gidan likita ana yi mata allura da ƙarin ruwa. Kaka ba ta taɓa cewa ganyenta ne ya tashe ta ba. Cewa take, "Raiɗore ba lokotoro mai allura ba ne. Tsayawa kawai ya iya, ita ma ba kowa ka iya ta ba."

Na daɗe ina zaton darasin bai wuce kada a raina abin bayan danga ba. Sai da na yi aure a wajen Gidan Amumune, wata rana na hau moto, wato babur, zuwa gidan likita da 'yata a ƙirji, jikinta kamar garwashi, na ji bakina yana ta cewa, "Kina nan? Kina nan?" Da ta amsa sai na fashe da kuka, domin a lokacin na gane. Idon Kaka ya riga ya yi yana, ba ta ganin fuskar Rabi. Da kunne take gadin ranta. Tsirran nan da ta yi ta jerowa, hanyar Baba take aunawa da su, ta haɗiye tsoronta ita kaɗai ta bar mu muna jin daɗin tatsuniya. Ban taɓa sanin jarumar da ta kai ta ba.

Yau Rabi 'ya'yanta biyar, kuma ba ta tuna komai na wannan rana. In na kira ta a waya, ban san lokacin da nake fara cewa "Kina nan?" ba. Sai ta yi dariya ta ce, "Ina nan mana, Yaya. Ina za ni?"