Tarin da Baba Ya Ɓoye Mana a Sakkwato

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya daga Zariya, ni da ƙanwata da mijinta, shi ke tuƙi. Masu tambayar ina na shige kwana biyu, to Sakkwato na je, kuma ba yawon buɗe ido ba ne. Inna ce ta kira ni tana rage murya, ta ce Baba yana tari, rigunansa sun fara yi masa yawa, kuma ya rantse ba wanda zai gaya wa likita.

A Funtuwa muka sha shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, farashin kuwa ya yi ƙiba abinsa. Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu a motar, kowa ya koma salati, kun dai san hanyar. Sai da muka wuce Talatar Mafara raina ya dawo jikina. Na ga masu hoce, wainar dawar nan mai tauri, a bakin titi, na ce wallahi sai an tsaya. Surukina Bakano ne, ya gutsira ya tambaya ko da siminti ake kwaɓa shi. Ni kuwa hawaye ne suka kusa zubo mini. Da muna yara, in Baba ya dawo cin kasuwa ta nan, hoce ne tsarabarmu, a aljihun babbar riga, yana warin shanu.

Baba dillalin shanu ne, a kara, kasuwar shanu, ya tsufa. A sana'arsu hannu ne komai, da shi ake taɓa ƙugun sa a san nauyinsa, da shi ake ƙulla ciniki. Sai ciwon gaɓɓai ya kama shi, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Yatsunsa suka kumbura suka karkace, ya yi shekaru ko buta ba ya iya ɗauka. Da aka dace da likitar gaɓɓai, ta ɗora shi kan wani magani mai kwantar da garkuwar, hannu ya saki. Tun daga nan ba a wuce Baba ba a yi musabaha ba. A masallaci sai ya bi sahu kaf. Amma ta gargaɗe mu tun farko cewa maganin yana barin ƙofa buɗe ga kowace cuta, ko ɗan zazzaɓi ya ji a kawo shi.

Da rana tsaka muka shiga gari, zafin nan na Sakkwato ya tarbe mu, ban ji haushinsa ba ko kaɗan. Unguwarmu Ƙofar Atiku ta canja. Filin da muke buga ƙwallon tsumma ya zama shagunan cajin waya, gidan mai furar da muke leƙe an yi masa bene. Amma lungunmu na nan, da kwatarsa, da muryoyin mata ta kan katanga suna "mi kaka yi, wa yaz zaka?" Ban san na yi kewar harshen nan haka ba sai da bakina ya juye da kansa.

Na tarar da zaure cike. Labari ya riga ya zaga cewa Alhaji ba ya jin daɗi, 'yan dubiya sun yi layi, tsofaffin abokan kara da maƙwabta, gwiwa na gugar gwiwa, ana zagaya ƙwaryar fura ɗaya da ludayi ɗaya. Baba na tsakiya yana miƙa wa kowa hannu, yana danne tari da gyaran murya.

Da aka watse na ce, "Baba, gobe za mu asibiti."

Ya harare ni. "Wa yac ce maka ban lahiya? Tarin ga na sanyi na."

Can ya dubi tafin hannunsa, ya buɗe ya rufe, ya ce, "In munka tai, likita amshe maganin za ta yi. Kai ba ka san abin da ni gani ba." Na sani mana. Ni na riƙa ɗaura masa mazagin wando a wancan lokacin, yana kau da kai don kunya.

Washegari muka kai shi, da lallashi da hawayen ƙanwata. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta auna shi, ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, ta tambayi Inna ko yana jiƙa matashi da gumi, da kuma su wa yake zama da su. Ta ce rashin zafin jiki bai kwantar mata da hankali ba, don irin magungunansa na iya ɓoye zazzaɓi. Ta yi mana bayani dalla-dalla: ko dai ciwon huhu ne ya samu shiga, ko tarin fuka, ko kuma maganin da kansa ne ya taɓa huhun. Kowanne ne, dole a ajiye babban maganin. Ƙaramar ƙwayar da yake sha kullum kuwa kada a kuskura a yanke ta farat ɗaya, ita ma yanke ta haɗari ne.

Sai dillali ya motsa. "Likita, a rage mani. A bar rabi."

Ta yi dariya. "Baba, nan ba kara ba ce." Sannan ta daina dariyar. "Ba zan yi maka ƙarya ba, hannun zai iya komawa ya ƙage. Amma hannu ina iya sake nemo shi, huhu in ya tafi ba ni da wani. Ka ba ni ƙirjin nan ya warke, ni kuma na yi alkawari za mu dawo kan hannun." Baba ya ce ya yarda, ciniki ya faɗa.

Hoton ƙirji da gwajin kaki suka nuna tarin fuka ne. Magani na watanni, kuma mutanen gidan ma sai an duba su. Ta ce a daina cunkoso a zaure, saboda shi da kuma saboda masu zuwa.

To fa, nan ake yin ta. Wa zai tsaya a Ƙofar Atiku ya ce wa dattijo ya koma da dubiyarsa? Inna ce ta yi dabara. Ta sa aka shimfiɗa wa Baba tabarma a fili inda iska ke kaɗawa, aka ja benci can nesa don baƙi, aka ɗauke ƙwaryar fura. Babban amininsa, wanda suka yi kara tare tun suna samari, ya zo bai ji bayani ba, ya nufo shi da hannu a miƙe. Na ga hannun Baba ya taso da kansa, sannan ya dunƙule shi ya yi jinjina. Ya ce, "Tsaya nan, Malam. Musabahar ga bashi na, ina biyan ka." Tsohon ya tsaya da hannu a iska, ya juya ya share ido da hularsa. Ni ma fita na yi.

Ranar dawowa ban ko kalli masu hoce ba. Hanya lafiya lau, mun iso Zariya kafin magariba, alhamdu lillahi. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, in kuna da mai shan maganin da ke rage garkuwar jiki, kada ku jira ya ce ba shi da lafiya. Wanda ya ɗanɗana sauƙi bayan doguwar wahala zai iya ɓoye komai don kada a karɓe masa shi. Kuma ƙaunar da muke nunawa da cika ɗakin majinyaci, wani lokaci ita ke kai masa cutar.

Da safen nan na kira gida. Inna ta ce tarin ya fara lafawa, ya ci tuwo. Sai dai ta ce yau ita ta zuba masa ruwan alwala, yatsun sun ƙi riƙe buta. Na ji muryarsa daga gefe yana cewa ta kara masa wayar a kunne.

"Ka ce ma likita na riƙe nawa alkawali," ya ce. "Ita ma ta riƙe nata."