An hana kitson gida

Jiya na je ziyarar autata Rumasa'u a makarantar kwana a Kabo, da kibiya da man kitso a jakata. Tun tana ƙarama a kan kitso nake yi mata faɗa, don kanta na kan cinyata, ba ta da wajen gudu.

Na ce, "Cire hijabin, zauna nan."

Ta ce, "Umma, an hana kitson gida. Duk shuku ne, mu muke yi wa junanmu."

Na ce, "Daidai ne. Makaranta ba gidan biki ba ce."

Na dawo Gwarzo da faɗana a baki, gidan kuma ba kowa.

Iyaye mata, ku yaya kuke zaunar da naku su saurare ku?