Motar Baba da Na Goge

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani wurin wankin mota a Kaduna, kaina ya kumbura ƙwarai. Na koyi goge fenti. A kawo maka motar da rana ta cinye, ta koɗe ta yi fari-fari, ka bi ta da folish, ka rufe da kaki mai sa ta walƙiya, mai ita ya zo ɗauka ya tsaya yana waige-waige yana neman tasa. Maigidana ya taɓa cewa hannuna na da kyau, ni kuwa na ɗauki maganar nan na aza a ka. Ko keken wani na gani ya dusashe sai hannuna ya kama ƙaiƙayi. Da wannan rawar kan na tafi gida wata damina, da gwangwanin folish ɗaya da na kaki ɗaya cikin jaka. Ko tsarabar kirki ban riƙo wa mahaifiyata ba.

Ƙauyenmu yana can bayan Pauwa, a ƙasar Ƙanƙara. Mahaifina manomi ne kuma direba. Yana da wata doguwar mota tsohuwa, irin wadda ake cusa mutane ciki a ɗaure buhuna a sama, da ita yake jigila daga Ƙanƙara zuwa Sheme, wani lokaci har Faskari. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka yi wa 'yan uwana mata kayan ɗaki. Asalinta shuɗiya ce. Ina ƙarami har fuskata nake kallo a jikin ƙofarta ina gwalo. Amma a lokacin da nake ba ku labari ta koma launin toka, in ka shafa ta hannunka ya fito da farin gari.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Baba ba ya wasa da injin. Kullum da safe sai ya duba mai, ya duba ruwa, ya kasa kunne ya ji sautinta. Amma jikin motar ko ruwa ba ya watsa mata. Na ɗauka tsufa ne ya sa ya saki. Gaskiya kunya nake ji, a ce ɗansa ne mai goge motocin manya a birni, shi kuwa yana yawo cikin wannan abu.

Da na iso na tarar da shi kwance, zazzaɓi ya kayar da shi. Motar tana bayan gida ƙarƙashin bishiyar bedi. Na ce madalla, ga inuwa, ga lokaci, don aikin folish ba ya son rana. Washegari mahaifiyata ta gan ni ina ɗiban ruwa bokiti bayan bokiti.

Ta ce, "Kai kuma ina za ka kai ruwan nan?"

Na ce, "Motar Baba zan gyara, Inna."

"Ka dai gaya mashi?"

"Haba Inna, in na gaya mashi ai daɗin ya tafi. Ki bari ya tashi ya gani."

Ta koma wurin tukunyarta. Ta zaci wanki ne irin na soso da sabulu, wanda hanya za ta mayar cikin kwana biyu.

Kwana biyu cur na yi a kan motar nan. Na wanke ta tas, na bari ta bushe. Na ɗan laƙato folish a tsumma na gwada a kusurwar bonet, ina murzawa a kewaye a hankali. Tsumman ya yi fari fat da mataccen fenti, sai ga shuɗin nan na yarintata ya leƙo daga ƙasa. Daga nan ban ƙara jin yunwa ba. Na bi ta gaɓa-gaɓa, bonet, ƙofofi, rufi, har lungun da ke bayan madubi. Kafaɗata kamar za ta cire, ban kula ba. Rana ta biyu na shafa kaki, na jira ya yi hazo, na goge da tsohuwar rigata mai laushi. Ban tsaya nan ba, don iyayi, na ƙara shafi na biyu. Da na ja baya na kalle ta, ganyen bedi nake gani ɗaya-ɗaya a jikin bonet. Mata masu zuwa rijiya suna tsayawa suna kallo, ni kuwa ina ta gyara tsayuwa ina jin daɗi.

Rana ta uku da hantsi Baba ya ji sauƙi, ya fito da buta a hannu. Na ce ya zo bayan gida ya ga wani abu. Ina gaba yana biye, bakina ya ƙi rufuwa.

Yana shan kwana ya tsaya cak. Butar ta suɓuce ta faɗi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan nan, mi ka yi?"

Na ce, "Gogewa na yi, Baba. Ka ga yadda ta dawo?"

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Wa ya gani?"

Na ce kowa ma ya gani, ai hanyar rijiya ce.

Sai ya zauna a kan saiwar bishiyar ya dafe kai. Can ya ɗago ya ce, "Kana tsammanin ban san inda ake sai da sabulu ba?"

Nan ya yi mani bayanin abin da kowane yaro na ƙauyen ya sani, ni ɗan birni ban sani ba. Tun da mutanen daji suka fara ɗaukar mutane don kuɗin fansa, ba wanda ke son a ga alamar samu a jikinsa. Wanda ya sayi sabon babur, kafin ya shigo gari zai yage ledar, ya goga masa laka, ya ɗaure mazaunin da tsumma. Wanda ya sa sabon kwano a ɗakinsa, kafin la'asar an ji a daji, don akwai masu kai labari a cikinmu, kuma ba ka san ko wane ne ba. Hatsi ma tiya-tiya ake fitar da shi kasuwa. Shekara biyar ya yi yana barin motar nan ta mutu a ido da gangan, don duk wanda ya gan ta ya ce wannan tsohon ba shi da komi.

Ni da taurin kai na ce, "Haba Baba! Tsohuwar mota ce fa, fenti ne kawai."

Ya ce, "Wanda zai kai labarin ba zai buɗe bonet ba."

Ya sa na kwaɓo laka da toka a bokiti. Ni da shi, yana rangaji don bai gama warkewa ba, muka shafe motar nan kaf. Aikin kwana biyu muka binne cikin rabin sa'a, ina yi ina haɗiye takaici. Bayan azahar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa. Muna tsaye a zaure aka ɗauke, muka zagaya. Lakar duk ta zame ta zube ƙasa. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a jikin fentin yana gangarewa, motar ta fi jiya walƙiya. Ni kuwa na san haka za a yi, don da wannan nake yi wa masu motoci alfahari, cewa kakina ba ya barin datti ya kama.

Baba ya yi wata 'yar dariya wadda har yau ba na son tuna ta. Ya ce, "Aikinka na da kyau."

Kafin magariba wani maƙwabcinmu ya zo dubiya. Tun daga nesa yake cewa, "Malam, barka da arziki! Ashe ɗan Kaduna ya sake maka mota, shi ne ba labari?" Baba ya kama hannunsa ya kai shi, ya nuna masa lotsewar da ke ƙofar baya, ya nuna masa lamba, ya rantse ita ce dai ta da. Mutumin ya ce, "To, to, Allah ya sa alheri," yana murmushin wanda bai yarda ba. Ban ce shi ya kai labari ba, Allah ya gani ban sani ba. Na dai san in shi da ya san motar shekara ashirin ya faɗi haka, to garin duka haka yake faɗi.

Na ce bari in samo yashi in karce fentin. Baba ya hana. Ya ce in muka karce yanzu za a ce ɓoyewa muke yi, maganar ta ƙara ƙarfi. Amma na gan shi, da ya zaci na shiga gida, ya tsaya yana shafa ƙofar direba da tafin hannu a hankali. Ashe shi ma kewar shuɗin nan yake yi duk shekarun nan.

Muka rufe ta da zana. Na koma Kaduna ina lallashin kaina cewa tsoron tsofaffi ne kawai. Baba ya daure mako biyu bai fita ba. To amma damina ce, rumbu ya yi ƙasa, gona na neman taki, gida na neman cefane. Ya yaye zanar ya koma hanya.

Ina duƙe a kan motar wani da tsumma a hannu wayata ta yi ƙara. Abokin Baba ne, direba ɗan uwansa. Ya ce in yi haƙuri, in taho gida. Ranar kasuwar Sheme, rana tsaka, motoci uku suna jere a hanya. Mutanen daji suka fito, suka bar ta farko ta wuce, suka bar ta biyu, wadda shi abokin nasa ke ja. Ta Baba suka tare. Fasinjojin suka ce da aka fito da su tambaya ɗaya aka yi: "Ina mai sabuwar motar?" Shi kaɗai suka tafi da shi.

Ba zan ba ku labarin kwanakin da suka biyo baya dalla-dalla ba, ba zan iya ba. In suka kira waya ni suke nema, wai ɗan da ya saya wa ubansa mota. Na rantse masu da Allah ni mai wankin mota ne, ɗakin haya ma mu uku muke kwana. Suka yi dariya suka kashe. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mani komi ba, sai dai ta daina haɗa ido da ni, in ta ajiye mani tuwo ta juya. Muka sayar da ɗan hatsin da ya rage, muka sayar da shanun huɗa, 'yan uwa suka kawo abin da suke da shi. Bai isa ba, sai motar.

Wanda ya zo saye wani direba ne daga wajen Sabuwa. Ya zagaya ta sau biyu yana shafawa. Ya ce, "Gaskiya ba don jikin nan ba, da ko tsayawa ba zan yi ba. Wa ya yi wannan aiki?" Na ce ban sani ba. Abin da ya bayar shi ya cika kuɗin fansar, aka kai, aka sako mana Baba.

Ya fi wata a hannunsu. Da aka shigo da shi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama kamar kara. Bayan kwana biyu da mutane suka ragu na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ka yafe mani."

Ya ce, "Tashi. Abin da Allah ya rubuta ne."

Wallahi da ya zage ni, ko ya ɗauki sanda ya rafka mani, da na fi samun sauƙi.

Can ya ce, "Motar fa?"

Na ce, "An sayar, Baba."

Ya ce, "Wanda ya saya ɗan ina ne?"

"Ɗan wajen Sabuwa ne."

Ya ce, "Ka neme shi. Ka ce mashi ya bar ta ta yi ƙura."

Bai ƙara riƙe sitiyari ba. Muka kwashe shi da Inna muka dawo da su cikin garin Ƙanƙara, ɗaki biyu na aro a gidan wani ɗan uwa. Mutumin da ya saba fita tun asuba ya koma zama a kan tabarma yana kallon motocin wasu suna wucewa. Shekara biyu ya yi a haka Allah ya karɓi abinsa.

Mutane suna ce mani ba laifina ba ne, wai ko ban goge ba wataƙila da sun ɗauke shi. Na ji, na kuma san laifin na masu bindiga ne. Amma ni na san motoci uku ne a hanyar nan, kuma na san abin da ya bambanta ta ukun. Ba ni da wani darasi mai daɗi da zan ba ku. Abin da ke ci mani rai shi ne mun kai inda mutum ba zai iya wanke abin hawansa ba a garin da aka haife shi, kuma ban ga alamar za mu fita ba. Har yanzu sana'ar nake yi, don ita kaɗai na iya. Idan mai mota ya zo ɗauka ya ce aikina na da kyau, sai in tuna dariyar nan ta Baba.

Saƙon Baba kuwa ban isar ba. Na kira lambar mutumin nan har na gaji, kullum a kashe. Na tambayi direbobin layin Sabuwa, wani ya ce ya san shi, wani ya ce ya daɗe bai gan shi a hanya ba. Duk zuwan da zan yi gida sai na tsaya a tasha ina duban shuɗayen motoci ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon Allah ya nuna mani ita ta koɗe ta koma toka, da mai ita a ciki lafiya. Shafi biyu na yi mata na kaki. Har yau ban gan ta ba.