Goyon da Ya Raba Yaya Kulu da Aji

Shekara goma sha ɗaya ke nan a wannan watan da aka kai Yaya Kulu makwancinta a Gummi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na san abin da ake so ga mai tuna mamaci shi ne ya kwantar da rai, ya faɗi alheri, ya yi shiru. Alherin zan faɗa, amma kwantar da rai kam ban yi alkawari ba, domin duk ranar da na tuna yadda aka raba matar nan da aikinta sai haushin ya dawo min sabo.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fito daga makarantar horon malamai mata a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ana ta kafa azuzuwa har a inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Aka tura ta wani ƙauye can bayan Bukkuyum, ƙetaren gulbi. Mijinta malamin gona ne a Anka, sai ƙarshen mako yake zuwa bisa babur, in ruwa ya kawo kuma shi ke nan sai gulbi ya janye. Saboda kada ta zauna ita kaɗai ne Inna ta ce in bi ta. Aka ɗauke ni daga makarantarmu ta Gummi aka sa ni a tata, ina aji huɗu.

Ita kaɗai ce mace a cikin malaman, kuma ranar da ta iso 'yan mata uku ta tarar a makarantar gaba ɗaya. Iyayen ba jahilai ba ne, kada wani ya yi min wannan fassarar. Cewa suka yi ba za su tura ɗiyansu mata wurin da babu mace babba ko ɗaya ba, kuma ni har yau ban ga laifinsu ba. Yaya ta ɗauki mayafinta ta shiga gari. Bayan la'asar gida-gida take bi, ta zauna a tabarma, ta taya matar gida surfe ko tsinkar zogale, sai hira ta yi daɗi sannan ta kawo maganar. Har rugar Ardo ta je da ɗan Fillancinta da bai wuce gaisuwa ba, suna yi mata dariya tana taya su. Kafin shekara ta zagayo, bencinan gaba sun cika da 'yan mata, wasu a ƙasa suke zama. Ba na manta wata uwa da ta kamo hannun ɗiyarta ta sa a na Yaya ta ce, "Malama, ke nib ba, ba gwamnati ba."

Sai Allah ya ba ta haihuwa. Ta yi hutun da doka ta ba ta a gida wurin Inna, ta yi wankan jego, ta dawo da jariri a baya. Ɗan fari ne, Aminu, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan". Yaro ne mai haƙuri. Tana rubutu a allo yana barci a bayanta, in ya motsa ta ɗan jijjiga shi ba tare da ta tsayar da darasi ba. In an fita tara ta koma bayan aji ta ba shi nono. Babu ɗalibin da abin ya dama, mu da kowa a gidansu haka ya ga uwarsa na aiki.

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi ina cikin ajin, don ita ke koya mana lissafi. Muka miƙe muka gaishe shi. Bai dubi allo ba, bai buɗe littafin kowa ba, bai ko lura da cewa rabin ajin mata ne ba. Bayanta ya ƙura wa ido.

"Malama, mi na wanga bisa bayanki?"

"Goyo na, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

"Ba ki san doka ta hana shiga aji da jinjiri ba? Nan makaranta ta, ba ɗakin jego ba."

To, a nan nake so mai karatu ya tsaya ya duba min dokokin nan, domin shekara da shekaru ina juya su a raina ban ga inda suka haɗu ba. Doka ta ce malami ya zauna a garin da aka tura shi, don haka ba dama ta koma kusa da Inna. Doka ta ce kada a shiga aji da jariri. Da Yaya ta roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe shi, tana ficewa da gudu lokacin tara ta shayar da shi ta dawo tana haki, sai aka tuna mata cewa malami ba ya barin harabar makaranta kafin a tashi. Da tsohuwar ta yarda ta zo ta zauna da shi a gindin darbejiyar makaranta, aka ce ai wanda ba ma'aikaci ba ba ya wuni a haraba. Yaro mai wata huɗu, a ƙauyen da ko kanti babu, ya ci me? Alli? Ai shi ma allin ofishin ba ya aikowa, da gawayi muka sha yin rubutu. Kuma a makarantar nan akwai malamin da kowace ranar kasuwa ba a ganin ƙeyarsa, yana can yana dillancin awaki, ban taɓa jin an yi masa ko tari ba. Shi laifinsa ba a goye yake ba, balle a gani.

Hedimastanmu, Malam Garba, ba mugu ba ne. Tsoron ofis ne da shi, kuma yana son Yaya ta tsira da aikinta. Wata ranar Alhamis bayan an tashi ya zo har ƙofar gida, ya tsaya a zaure, ina jin su daga tsakar gida.

"Malama, abin ga bai kai nan ba," ya ce. "Ga Balki. Ta zauna gida da yaron, in anka yaye shi ta koma aji. Kowa haka ya kai."

Balki ni ce. Kuma gaskiya ya faɗa, kowa haka yake yi. Ƙanwa ita ke raino, ko a ɗauko 'yar wani dangi daga ƙauye, babu mai ganin abin a matsayin zalunci. Inna ma da labari ya kai mata saƙon da ta aiko ke nan: a bar Balki gida, albasa ce karatun da zai ruɓe? Mijinta bai tilasta ba, amma shi ma can ya karkata. Ni kaina, wallahi, na riga na sallama. Na san kuma abin da kowa ya sani bai faɗa ba, cewa yarinyar da ta bar aji biyar ta yi shekara biyu tana raino ba ta komawa.

Na zaci Yaya za ta amince. Can na ji ta ce, "Malam, da wane baki? Ni nib bi gida-gida ina cewa a bar ɗiya su zo makaranta, a daina tsare su raino da talla. In tawa ƙanwa ta zauna gida don in zo aiki, gobe wa za ya aiko min tashi? Balki ba ta barin aji."

"To aikinki fa?"

"Su sunka ba ni. In sun ga goyo ya fi ƙarfinsu, su amshe."

Haka Yaya take, ba ta ɗaga murya, amma in ta kafe ko jaki sai ya sara mata. Washegari ta goya yaronta ta shiga aji, ni ma na ɗauki jakata na bi bayanta.

Ba zama ta yi tana jiran hukunci ba. Ta nemi a mayar da ita Gummi ko da na shekara ɗaya ne, inda Inna za ta riƙe yaron kusa da makaranta. Amsar da aka ba ta ita ce ta fi komai ƙona min rai har gobe: wai ba za a iya ɗauke ta ba, domin ita kaɗai ce mace a makarantar, ana bukatarta ƙwarai. Ka ji fa! Sun san amfaninta sarai. Mace suke so a aji, amma irin wadda ba ta haihuwa. Mai duba makarantun ya sake dawowa ya same ta da goyo, aka ba ta takardar tuhuma, ta amsa da gaskiyar abin da ke akwai. Kafin ƙarshen zangon aka sallame ta, wai don rashin biyayya ga na gaba.

Ranar da muka ƙetare gulbi da kayanmu a kwalekwale ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi ta yi, ta ce in rufe mata baki, ranar Litinin ina da makaranta a Gummi. Aka tura namiji a madadinta. Damina ba ta wuce ba iyaye suka janye ɗiyansu mata ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda duk mai hankali ya san za a yi.

Bayan ta yaye Aminu ta nemi komawa, ba sau ɗaya ba. Kullum sai a ce akwai baƙin tabo a fayil ɗinta. Daga baya ta daina nema, ta sayi keken ɗinki, da shi ta ƙare rayuwarta. Ba ta taɓa yi min gori ba, ko da wasa. Abin da kawai na lura shi ne, in 'yan makaranta sun taso suna wucewa ta ƙofar gida, ƙafarta kan tsaya a kan keken har sai hayaniyarsu ta yi nisa.

Ni na gama firamare, na wuce makarantar horon malamai, na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, har na riƙe makaranta kafin in yi ritaya. A ofishina tabarma nake shimfiɗawa a lungu, duk malamar da ke da jariri ta kawo shi nan, kuma na sha jan kunne a kan haka. Na zauna a taruka iri-iri kan ilimin 'ya'ya mata, a ɗakuna masu sanyi, ana shan shayi ana tambayar wai me ya sa ba a samun malamai mata a ƙauye. Sau da yawa sai in ji kamar in miƙe in kife teburin. Ai kun samu, kun kore ta.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Ina jin za ta yi murna da ganin an ƙara hutun haihuwa a wasu wurare, za ta ce to, an fara jin magana. Amma za ta tambaya, bayan hutun fa, yaron ya daina shan nono ne? Har yanzu malama mai goyo tana rayuwa ne a kan sa'ar shugaban da ta samu: in mai tausayi ne ya kau da kai, in mai tsoron ofis ne ta shiga uku. Har yanzu kuma akwai gidajen ma'aikata, har da na malamai, da za ka shiga da hantsi ka tarar da 'yar ƙauye tana jijjiga jariri, sa'o'inta suna aji. Wannan kam na tabbata da Yaya ta gani sai ta tsaya ta tambayi yarinyar sunanta da garinsu. Makarantun ƙetaren gulbi kuwa, da yawansu yanzu tsoron 'yan bindiga ya sa ko maza ba su iya kwana a can. Lokacin da hanya ke lafiya, mace na tafiya ruga ita kaɗai da la'asar, a lokacin ne aka yi wasa da damar.

Mutane kan ce min ai ba ta yi asara ba, tunda ga ni. Haka ne, duk harafin da ke cikin rubutun nan nata ne. Amma ni ɗaya ce, bencinan nan kuwa cike suke.

A zaman makokinta, rana ta uku, wasu mata suka zo daga ƙauyen nan, sun ji a bakin 'yan kasuwa. Ɗaya daga cikinsu ta matso kusa da ni, duk ta tsufa ta fi ni nesa ba kusa ba, sai da ta faɗi sunanta na gane ta. Hansatu ce, 'yar ajinmu, wadda ke zuwa ta ɗaya a lissafi, ni kuwa ban taɓa wuce ta biyar ba. Muka yi gaisuwa, muka yi wa Yaya addu'a. Da za su tashi sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar takardar asibiti da ƙullin ƙwayoyi.

"Balki, duba min wagga. Likita ya yi bayani, na mance. Ke da Malama ta tsaya miki."

Na karanta mata: wannan safe da yamma, wannan bayan an ci abinci. Ta bi rubutun da ɗan yatsa a hankali, kamar mai neman wani da ta sani a cikin taro.

"Dā na iya fa," ta ce. "Har na Turanci na iya."

Ta ninke takardar, ta mayar bakin zane ta ƙulle, ta bi 'yan uwanta don kada motar kasuwa ta tafi ta bar su.